Sunan Da Ba A Ɓoyewa

Sana'ata rubuta manhaja ce da harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1979. Cikin ka'idojin wannan aiki akwai wata ƙarama da nake yawan tunawa ko bayan na rufe kwamfuta.

Babbar manhaja sassa-sassa ake gina ta. Kowane sashe yana cikin fayil nasa da muke kira laburare, sai lokacin aiki ya yi a haɗa su. Kowane laburare yana da jerin sunayen abubuwan da ke cikinsa. Wasu sunayen a zaure suke, kowa na iya kiransu, wasu kuma na cikin gida ne. A 2005, GCC 4.0, manhajar da ke juya rubutunmu zuwa harshen na'ura, ta zo da zaɓin -fvisibility=hidden, wato a ɓoye komai sai abin da mai gida ya ce a fitar. Ina son wannan zaɓi. Fayil yana raguwa, manhaja tana tashi da wuri, sunayen wannan sashe ba sa karo da na wancan.

Sai dai ranar matsala ake gane tsadarsa. A C++, idan sashe ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa, kamar fayil ɗin da ake nema ya ɓace, yakan jefa sanarwar kuskure, wani sashe da ke jira ya cafke ta ya san abin yi. Mai cafkewa yana duba shaidar da ke nuna irin kuskuren, wadda sunanta a jeri ke farawa da _ZTI. Idan an ɓoye wannan shaida, kowane laburare sai ya riƙe kwafinsa shi kaɗai. Laburaren libstdc++ na yau yana kwatanta rubutun sunan, don haka akan tsira. Shi kuwa libc++ a Linux adireshin wurin ajiya yakan duba. Kwafi biyu adireshi biyu ne, sai ya ɗauke su baƙin juna.

Daga nan sanarwar za ta wuce ta gaban wanda aka ajiye musamman dominta, bai gane ta ba. In babu wani mai cafkewa, std::terminate ta kashe manhajar nan take. Lokacin ginawa ba wanda ya yi gargaɗi, komai lafiya lau. Mai ɗaukar asarar shi ne mutumin da ya yi sa'a biyu yana rubutu bai adana ba.

Maganin bai fi layi ɗaya ba. Duk kuskuren da zai iya tsallaka iyakar laburare, ina sa masa alamar visibility("default"), sannan in duba jerin da nm -D in tabbata sunansa ya fito zaure.

Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a nan na fi ganin gaskiyar maganar, domin da sunan ake kama kuskure. Na taso cikin mutanen da suka iya rufin asiri, kuma ban raina wannan tarbiyya ba. Amma tun da na fahimci wannan ka'ida, in abu ya dame ni har ina bukatar taimako, nakan faɗe shi da ainihin sunansa ga wanda nake so ya taimake ni. Kwana-kwana takan sa ya ji kukan ya kasa gane cewa da shi ake.