Lemar Ozon Daga Jekadafari, Gombe: Rubutun Kwanakin Oktoba

Alhamis, 5 ga Oktoba, 2023

Jiya hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta sanar cewa ɓular da ke lemar ozon a saman Antaktika ta kai murabba'in kilomita miliyan 26 a ranar 16 ga Satumba. Yau na buga wa 'yan ajina lissafin a allo: faɗin Nijeriya sau 28. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wa ya hau ya auno?"

Tambayar ta yi mini daɗi. Na ce musu aikin tauraron ɗan'adam ne mai suna Sentinel-5P, wanda aka harba a 2017 ɗauke da na'urar TROPOMI. Yana shawagi a nisan kilomita 824 daga ƙasa, kuma wajen azahar yake ratsa saman yankinmu. Ba ya ɗibar iskar ya gwada. Hasken rana yake kallo, wanda ya shigo sararinmu ya koma sama. Akwai zangon hasken da ozon ke shanyewa, akwai wanda ba ruwansa da shi, to gibin da ke tsakaninsu shi ke nuna yawan ozon a wurin. Da za a tattaro ozon ɗin da ke saman kanmu a danne shi a ƙasa, kaurinsa milimita 3 ne kacal, kamar kwalin taliya. Shi ne ake kira ma'aunin Dobson 300. In ya gaza 220, an samu ɓula ke nan.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Bayan saukowa daga masallaci, zafin ƙarshen damina ya tara mu a gindin dalbejiya. Wani dattijo ya ce wannan ƙuna duk ɓular sama ce ta jawo. Na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, ɓular tana can kudancin duniya, ba a kanmu ba." Can ne sanyin hunturu ke wuce digiri 78 ƙasa da sifiri, gajimaren ƙanƙara ya haɗu a sama, kilorin ya kuɓuce a kansa, sai rana ta dawo a Satumba ya shiga cin ozon. Zafin Gombe kuwa maganar ɗumamar yanayi ce, wata cuta daban.

Sai dai ban so su tashi da cewa ba ruwanmu. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya, lemarmu tun asali ba ta kai kaurin ta Turai ba, rana kuma a tsaye take dukan mu. Hasken da ke tsallakowa yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido da sankarar fata. Zabiya da ke cikinmu su suka fi kowa shan wahalarsa, sai manoman da za su wuni a gona da shigowar kaka.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na wuni a kan tarihin abin, domin akwai gaɓar da take tsaya mini a rai. Tun 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗin cewa gas ɗin CFC na firji da gwangwanin feshi yana hawa sama, rana ta farfasa shi, ƙwayar kilorin guda ta lalata ƙwayoyin ozon kusan 100,000. Amurka ta harba tauraron Nimbus-7 a 1978 da na'urar auna ozon. Amma waɗanda suka fara shelanta ɓular a watan Mayun 1985 mutum uku ne 'yan Birtaniya, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, da awon da aka yi shekara da shekaru ana ɗauka daga ƙasa a tashar Halley. Tauraron ya ga raguwar, sai dai an tsara kwamfutar da ke tace bayanansa ta ware duk adadin da ya faɗi warwas a matsayin abin shakka. Bayan sanarwar ne hukumar NASA ta fito da taswirar da ta nuna ɓular ta game nahiya guda.

Taswirar nan ta yi abin da dogon bayani bai yi ba, ta girgiza shugabanni. A 16 ga Satumba, 1987 aka sa hannu a Yarjejeniyar Montiriyal ta daina amfani da gas masu cin ozon, Nijeriya ta shiga a 1988. Ni a ganina idon sama da awon ƙasa ba wanda ke wadatar da kansa. Ko a 2018, tashoshin ƙasa ne suka bankaɗo cewa ana sake fitar da CFC-11 a ɓoye, daga baya aka bi sawu har gabashin Sin.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ba wuta tun safe, firjin gida kuma dama ya daina sanyi. Gobe sai wajen mai gyara.

Litinin, 9 ga Oktoba

Shagon cike yake da firji na hannu da esi na tokumbo. Ina tsaye yaronsa ya yanke bututun wata tsohuwar esi, gas ya fita fuuu, ba wanda ya ko waiga. Na duba jikin tukunyar, R-22 ne, dangin da har yanzu ke cin ozon, ko da yake bai kai tsohon R-12 ɓarna ba. R-12 tun 2010 aka rufe babinsa a ƙasashe irin namu, R-22 kuma wa'adinsa 2030.

Na ce, "Maigida, ba a tare shi a tukunya ne?" Ya ce, "Malam, injin zuƙe gas kuɗinsa nawa? Wa zai biya ni ladan tarewa?" Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya san aikinsa. Shi ya bayyana mini cewa sababbin firji R-600a suke sha, ba ya taɓa ozon amma yana kama wuta, dole a yi hattara wajen walda. Nawa kuwa R-134a ne, wanda ya bar ozon lafiya amma yake riƙe zafi fiye da iskar kabon sau 1,430. Saboda irinsa aka yi wa Yarjejeniyar Montiriyal gyaran Kigali a 2016.

Abin da tauraro zai auna a saman Antaktika nan da shekaru, wani ɓangarensa daga irin wannan shago ya tashi. Gas ɗin da ya fita yau zai daɗe yana yawo kafin ya ƙare.

Talata, 10 ga Oktoba

Na kai wa ɗalibai rahoton masana na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a Janairun bana. In aka ci gaba da riƙe alkawari, lemar za ta koma yadda take a 1980 wajen 2040 a mafi yawan duniya, saman Antaktika kuwa sai wajen 2066. Girman ɓular bana bai rushe wannan hasashe ba, domin tana hawa da sauka gwargwadon sanyin kowace shekara, kamar yadda ta yi ƙanƙanta ainun a 2019.

Muna da tamu hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, muna da cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos, bayanan Sentinel-5P kuma kyauta ne ga duk mai intanet. Ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe zai iya bin awon saman garin nan kowace rana daga Tudun Wada. Roƙona ga Ofishin Ozon na Ƙasa da ma'aikatar muhalli ta jiha shi ne su nemi ƙungiyar masu gyaran firji ta Gombe, su horar da yaransu, su samar musu da injin zuƙe gas ko da guda ɗaya a kowace unguwa, kafin 2030 ta iso.