Gardamar Tamaula A Wara, Da Abin Da Ta Tuna Mini

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san waɗansu malamai da akawuna, da sun ga kalmar tamaula a kan takardan nan, za su ce, "Af, wannan kuma ya rasa abin rubutawa ne?" To, su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, gama maganar da wasa ta faro, amma da nadama ta ƙare mini.

Ni malamin makaranta ne a Wara, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski, a gaɓar gabas ta tafkin Kainji. Ruwan nan tun 1968 ya kwanta, sa'ad da aka gama datse kogin Kwara, ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tashi mutane aka sake musu mazauni. Sana'ar mutanenmu su da noma. In ka ɗebe waɗannan biyu kuwa, yau ba abin da ya ci zukatan samarinmu, har da mu masu furfura, kamar ƙwallon Turai. Akwai wata rumfar kwano kusa da kasuwa, mai bencina da janareta da talabijin biyu, ita ce gidan kallonmu. Nan a ke haɗuwa, nan a ke gardama.

Abin mamaki, gardamar ta fi zafi sa'ad da ba a wasa. Turawan Ingila su kan tashi daga wasa a watan Mayu, su koma a Agusta. Tsakanin nan ne kasuwar 'yan wasa ke ci, har farkon Satumba, ƙungiyoyi suna saye da sayarwa, waɗansu kuma suna sake mai horarwa. Su bazararsu ke nan, mu kuwa tsakiyar damina ce, lokacin noma da maimai. Sai ka ga mutum ya dawo daga gona, ko laka bai wanke ba, ya zauna yana ciniki da fatar baki, da kuɗin da ba nasa ba, kan ɗan wasan da bai san da zamansa a duniya ba.

A ƙarshen daminar 2025 aka yi wadda ta fi kowacce. Magoya bayan Arsenal sun gaji, domin shekara uku a jere ƙungiyarsu tana ƙarewa ta biyu, kowa na cewa rashin mai cin ƙwallo ne ciwonsu. Sai aka saya musu Viktor Gyökeres daga Sporting ta Fotugal, wanda ya ci ƙwallo 39 a gasar ƙasar a kakar da ta gabata. Wani abokina akawu ya miƙe ya ce magana ta ƙare, kofi ya zo gida. Wani tela ya ce haba, ƙwallon Fotugal ai araha gare ta, da Victor Osimhen aka saya, namu na gida, wanda ya ci 26 a Italiya a 2023, har Napoli ta ɗauki kofin da ta yi shekara 33 tana nema. Aka ce masa ai Galatasaray ta Turkiyya ta riga ta biya Yuro miliyan 75 ta riƙe shi. Can sai mutanen Liverpool suka tsoma baki, suka ce duk a yi shiru, gama ran 1 ga Satumba an saya musu Alexander Isak kan fam miliyan 125, kuɗin da ba a taɓa biya ba a Ingila kafin ran nan. Murya ta hau murya, har mai shayi ya janye butarsa gefe don kada a ture.

Daga nan akawu ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ne mai alli, raba mana gardama. Wane ne gwani a cikinsu?"

Ina shirin buɗe baki, sai wani tsoho Basarke, wanda ruwan sama ya koro cikin rumfar da ragarsa yana ɗinki, ya ɗaga kai ya ce, "'Ya'yana, tun ɗazu ina jin kuna faɗa kan mai jefa birigi. Ban ji wanda ya tambayi wa ke riƙe masa filafili ba." Samari suka yi dariya, suka ce Baba bai san ƙwallo ba. Ni kuwa maganar ta soke ni, na kasa cewa uffan.

Bari in bayyana wa 'yan'uwa na tudu abin da tsohon ke nufi. Birigi raga ce ta jifa, mai dalma a bakinta. Mutum biyu ke shiga kwalekwale, ɗaya ya tsaya a goshi da raga, ɗaya ya zauna a baya yana tuƙi. In matuƙi ya bugi ruwa da ƙarfi, kifi ya watse. In ya kawo jirgi a karkace, raga ba ta buɗe sosai ba. Ba a magana, sai dai kowa ya san halin ɗan'uwansa, matuƙi ya ga kafaɗar mai jifa ta motsa ya san abin da ya ke so. Sanin nan kuwa ba a saye shi a kasuwa, sai an yi watanni ana shan raɓa tare. Amma in an fito da karfasa cike da jirgi, mai jifa a ke yaba wa, in an fito hannu biyu kuma shi a ke zagi.

To, haka ɗan wasan gaba ya ke. Ku duba labaran da kowane mai kallo ya sani. A 2006 Chelsea ta sayi Andriy Shevchenko kan fam miliyan 30, mutumin da aka zaɓa gwanin Turai a 2004. Ya yi kaka biyu, ƙwallo 9 kaɗai ya ci a gasar Ingila. A watan Janairu na 2011 ta sake ba da fam miliyan 50 ta sayi Fernando Torres, bai ga raga ba sai a Afrilu. Ashe tsadar kaya ba ta sa ya dace da mai shi. Thierry Henry kuwa, da ya zo Arsenal a 1999, wasa takwas na fari bai ci ko ɗaya ba. Da a rumfarmu a ke yanke hukunci, da tuni an kore shi. Arsène Wenger ya yi haƙuri da shi, ya ƙare da ƙwallo 228, ba wanda ya kai shi a tarihin ƙungiyar. Jamie Vardy kuma fam miliyan ɗaya Leicester ta saye shi a 2012 daga wata ƙaramar ƙungiya, ta raine shi shekara huɗu, a 2016 ya ci 24, suka ɗauki kofin da ba wanda ya zaci za su ɗauka.

Ga ma namu Ahmed Musa. Ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2010, ya fi kowa a Nijeriya. Leicester ta saye shi a 2016, biyu kaɗai ya ci mata a gasa. Amma a 2018, da ya shiga cikin 'yan'uwansa da suka san gudunsa, shi ya jefa wa Iceland biyu a gasar duniya, kamar yadda ya yi wa Ajantina a 2014. Ƙafar ita ce dai ba ta sake ba, matuƙa ne suka sake.

Sha'anin sabon mai horarwa ma duk kanwar ja ce. Alex Ferguson ya kama Manchester United a watan Nuwamba na 1986, bai ci kofi ko ɗaya ba sai 1990, kofin gasa kuwa sai 1993. Da ya sauka a 2013 ya ci shi sau 13. Magajinsa David Moyes an yi alkawari da shi na shekara shida, aka sallame shi cikin wata goma. Arne Slot kuma da ya gaji Jürgen Klopp a Liverpool a 2024, bai rushe abin da ya tarar ba, bai cika gida da baƙi ba, ya bar mai jifa da matuƙinsa, ya ci kofi a kakarsa ta fari. Lalle sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni magana ran nan. Shekarun baya kaɗan, unguwarmu ta shiga gasar da samarin garuruwan bakin ruwa su kan shirya bayan Babbar Salla. Ni aka ɗora wa riƙon kuɗi, don ana ganin malami ba ya ci. Muka naɗa wani saurayi sabon mai horarwa. Yana da wani yaro ɗan masunta, tsohon ɗalibina, siriri, ba shi da takalmin kirki, amma wata huɗu suna atisaye kullum da yamma shi da abokansa biyu na tsakiya, har sun san inda zai bi tun bai tashi ba. Shi ya kai mu wasan kusa da na ƙarshe.

Ana saura kwana uku, sai na ji labarin wani gwani a Yelwa, wanda aka ce in ya buga ƙwallo mai tsaron gida gudu ya ke yi. Na tara masu ba da gudummawa, na yi musu daɗin baki, muka yi karo-karo, muka ɗauko shi haya, da kuɗin motarsa da na abincinsa. Mai horarwa ya same ni a gida ya durƙusa ya ce, "Malam, don Allah a bar yaron nan ya buga, baƙon bai san kowa ba." Na ce masa, "Kai jiya jiya aka ba ka aikin nan, me ka sani? Ni tun ba a haife ka ba na ke kallon ƙwallo." Ya yi shiru, gama na koyar da shi a aji, ba ya iya musu da ni.

Ranar wasa yaron ya zo da rigarsa a wanke, aka ce ya zauna a benci. Baƙo ya shiga. Wallahi ba na cin amanarsa, gwani ne. Amma in ya yi dama a jefa ƙwallo hagu, in ya tsaya a jefa gaba, ya yi ta ɗaga hannu yana faɗa. Aka ci mu ɗaya, aka tashi. Ya karɓi cikon kuɗinsa, ya hau mota tun ba a yi magariba ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Washegari jama'a suka taru suka sauke mai horarwa, suka ce bai iya ba, ni kuwa ina zaune ban ce laifina ne ba.

Yaron bai sake zuwa fili ba. Daga baya na ji ya ƙetare hayi wajen ƙasar Borgu yana su tare da kawunsa. Bayan shekara guda muka gamu ranar kasuwar Wara. Na so in kauce, ya rigaye ni, ya durƙusa ya gaishe ni, ya zaɓi kifi mafi girma a kwandonsa ya ce, "Malam, a kai wa su Inna." Na ce, "Ɗana, kana buga ƙwallo a can?" Ya yi murmushi ya ce, "A'a Malam, na bari." Ban taɓa ɗaukar kifin da ya yi mini nauyi kamar wannan ba. Ba na cewa da ya zama Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya 37, Allah kaɗai ya san wannan. Abin da na sani shi ne, ya yi wahalar wata huɗu, ni kuwa na sayar da ranarsa ga baƙo don sunan da na ji a bakin mutane.

Saboda haka ina da roƙo ga 'yan'uwana malamai da akawuna, tun da mu a ke ba riƙon kuɗi da rubutun sunaye a wasannin garuruwanmu. Kallon Turawa ba laifi, gardama ma ba laifi, tana ɗebe gajiya, in dai ba ta kai ga zagi da barin salla ba. Amma kada mu kwaso halin kasuwarsu mu kawo filin makaranta. Masu shirya gasa daga Ngaski zuwa Yawuri da Shanga su kafa sharaɗi, kada a sa ɗan wasan da ba a rubuta sunansa tun farko ba. Kuɗin da a ke ba ɗan haya na yini ɗaya, a sayi ƙwallo da takalma da shi, su yi wa yara shekara. In kuma mun naɗa mai horarwa, mu sakar masa mara ya gama kakarsa, sa'an nan a yi masa hisabi. Halin nan kuwa ba a fili kaɗai ya tsaya ba. Sau nawa a kan kawo sabon hedimasta, kafin ya san sunayen malamansa an gama yanke masa hukunci a gindin bishiya?

Bayan gardamar nan ta damina na tafi gidan saurayin da aka sauke, na ce masa laifina ne, ya yafe mini. Ya ce ba kome, ya wuce. Yaron kuwa na aika masa da takalma ta hannun wani mai jirgi, an ce ya karɓa ya yi godiya. Ina fata wani mai karatu ya koyi abin nan daga takardata, tun bai koya da kansa ba, gama da na sani ƙeya ce. Wanda kuma ya ga kuskure a maganata, ga fili ga mai doki, sai ya rubuto.

Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka, ya ba mu damina mai kyau da ruwa mai kifi, amin. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Wara, Ƙasar Ngaski.