Lauyan da Sakkwato ta rasa a 2006

Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Salla, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ana cikin hadari. Bai yi nisa ba ya faɗo a gonakin Tungar Madaki. Cikin mutum 105 da ke ciki, 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo mai wakiltar Sakkwato ta Arewa, mazaɓar da Wamakko ke cikinta, da Sanata Sule Yari Gandi, da Mataimakin Gwamna Garba Muhammad Silame, wanda ya hau kujerar da Aliyu Magatakarda Wamakko ya sauka daga kanta watanni kaɗan kafin nan. Waɗannan su ne sunayen da jaridu suka riƙe. Sauran fasinjojin ma sun bar mata da 'ya'ya, kuma ga irin waɗannan gidaje tambayar da ke biyo bayan zaman makoki ita ce wa zai ɗauki nauyin marayu. A wasu ƙasashe akwai lauyoyin da amsa wannan tambaya ce kaɗai sana'arsu.

Sana'ar ta girma ne a Amurka, kuma ana yawan danganta kafuwarta da Lee Kreindler, wani lauyan New York da ya rasu a 2003. Ya fara ne da shari'ar jirgin da ya faɗi a garin Elizabeth a 1952, inda sai da ya koyi yadda farfelar jirgi ke aiki kafin ya gano inda laifin yake. Bayan shekara arba'in, shi ya jagoranci lauyoyin iyalan waɗanda suka mutu a jirgin Pan Am da bam ya tarwatsa a samaniyar Lockerbie a 1988. A 1992 ya gamsar da masu taya alƙali yanke hukunci cewa kamfanin ya yi ganganci da gangan wajen binciken kayan fasinja.

Kalmar ganganci a nan ita ce mabuɗin sana'ar gaba ɗaya. Yarjejeniyar Warsaw ta 1929, wadda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa wa Najeriya da wani umarni na 1953, ta yanke wa ran fasinja farashi: faran 125,000 na zinariya, kimanin dala 8,300. An yi haka ne don kada kamfanonin jirage, waɗanda a lokacin jarirai ne, su durƙushe da hatsari guda. Hanyar tsallake wannan shinge ita ce a tabbatar cewa abin da kamfani ya yi ya wuce kuskure, ya kai ga ganganci. Shi ya sa lauyan hatsarin jirgi ya zama rabi lauya rabi makanike. Dole ya iya karanta littafin gyaran inji, da takardar horon matuƙi, da rahoton yanayi, da maganganun da akwatin naɗar murya ya kama a mintunan ƙarshe.

Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta juya lamarin. Har zuwa wani adadi, wanda aka fara da SDR 100,000, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, iyali ba sa bukatar nuna laifin kowa. Asararsu kawai za su tabbatar. Abin da ya haura haka kuwa, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ba sakacinsa ba ne. Najeriya ta shigar da wannan tsari cikin Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006, ta sa dala 100,000 a matsayin matakin farko a tafiyar cikin gida, ta kuma wajabta biyan kafin alƙalami na dala 30,000 cikin kwana talatin. An sa wa dokar hannu a Nuwamba 2006, bayan Bellview da Sosoliso da suka faɗi a 2005, kuma makonni kaɗan bayan an binne mutanen jirgin Sakkwato. Kamfanin ADC kansa an dakatar da shi, bai sake tashi ba. Wanda zai bi haƙƙin marayu a irin wannan hali, masu inshora ne abokan karawarsa, da manyan kamfanonin waje da ke tsaya musu, ba ofishin sayar da tikiti da aka riga aka garƙame ba.

Babban abokin gabar wannan lauya shi ne lokaci. Yarjejeniyoyin biyu sun ba da shekara biyu kacal a shigar da ƙara, in ta wuce haƙƙin ya mutu. A lissafa yadda shekara biyu ke ƙarewa a gidan Bahaushe. Matar mamaci za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Babu mai kunyar da zai ta da maganar kuɗi a wannan tsakani. Daga nan sai tantance magada, a gidan da wataƙila mata uku ne da 'ya'ya goma sha biyar, wasu ba su balaga ba. Sai neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Sai yarjewa kan wanda zai tsaya a madadin kowa. Rabon gado aikin kotun Shari'a ne, amma ƙarar kanta Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin jin ta, domin sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta harkokin jiragen sama. Lauyan da bai san mirasi ba zai rikice a zaure, wanda bai san Montreal ba kuma za a cinye shi a kotu.

Kuma ba zai iya jiran rahoton hukuma ba. Jirgin Dana ya faɗi a Iju-Ishaga ta Legas ranar 3 ga Yuni 2012 da mutum 153, amma rahoton ƙarshe, wanda ya nuna injinan biyu sun rasa ƙarfi kuma matuƙan ba su karkata zuwa filin jirgi mafi kusa ba, sai a 2017 ya fito. Ko da ya fito da wuri, ƙa'idar duniya ta ce ana binciken hatsari ne don hana maimaituwa, ba don ɗora laifi ba. Saboda haka lauya da ƙwararrunsa yake zuwa: tsohon matuƙi, injiniya, masanin yanayi, da akawun da zai lissafa abin da malami ɗan shekara arba'in zai samu da ya kai ritaya. Wannan lissafi na ƙarshe shi ne mafi ɗaci, domin yana auna rai da takardar albashi. Ɗan kasuwar da duk cinikinsa na baka ne, wanda ke ciyar da mutum talatin, a takarda bai kai ƙaramin ma'aikacin banki ba.

Duk wannan kuɗi ne, kuma a Amurka lauya ne ke kashewa daga aljihunsa, a kan sharaɗin zai ɗauki kaso, sau da yawa wajen sulusi, in an yi nasara. Abin da ke sa lauyoyin can saurin dira ke nan duk inda jirgi ya faɗi. Kwanaki kaɗan bayan hatsarin Dana, Gary Robb, lauyan da daga baya ya wakilci matar ɗan wasa Kobe Bryant, ya shigar da ƙara a Chicago, yana haɗawa da kamfanin Boeing. Sai dai ƙofar Amurka ba a buɗe take ba: tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1981 a shari'ar kamfanin Piper, alƙalai kan kori irin waɗannan ƙararraki su ce a koma inda abin ya faru. Galibi dai ƙwallon gida take dawowa.

A gida kuma akwai shingen da ba na doka ba. Da yawa a Sakkwato na ganin neman diyya kamar jayayya da ƙaddara ce, ko cin kuɗin jini. Wannan fahimta ba ta da gindi a littattafan da malaman garin suka karanta suka karantar. Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalin mamaci sai in sun yafe, kuma fiƙihun Malikiyya ya ƙayyade ta da raƙuma ɗari ko dinari dubu, ya ɗora ta a kan dangin wanda ya yi kuskuren, tsarin da bai yi nisa da tunanin inshora ba. Babba yana da ikon yafe rabonsa. Rabon maraya kuwa, waliyyinsa amana aka ba shi, ba kyauta ba. Kawun da ya ce "mun bar wa Allah" a madadin yaro ɗan shekara shida ya yi sadaka ne da dukiyar da ba tasa ba.

Akwai kuma waɗanda ba su sayi tikiti ba. Jirgin EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu 2002 ya kashe mutane da dama a cikin gidajensu, kuma Warsaw da Montreal fasinja kawai suka sani. Na ƙasa da wasu tanade-tanaden ake bin haƙƙinsu. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da ke ƙasar Wamakko, tana yaye ɗaliban da suka haɗa dokar zamani da Shari'ar Musulunci a digiri ɗaya, wato rabin abin da wannan sana'a ke bukata a Arewa. Ɗaya rabin, na inji da inshora, har yanzu a ofisoshin Legas da Landan ake koyon sa.