Abincin da Kasko Ya Raɗa wa Suna

Mu da muka tashi muna karya kumallo da ɗumame, mun san cewa abincin da ya kwana ba na zubarwa ba ne. To, su ma Turawan Ingila suna da nasu ɗumamen, wanda suke kira bubble and squeak.

Al'adarsu ce ran Lahadi a gasa nama, a ci da dankalin Turawa da kabeji. Kashegari sai uwargida ta tattara ragowar dankalin ta marmashe, ta cakuɗa da kabejin, ta zuba a kasko da ɗan kitse. Sai ta danne shi da cokali, ta bar shi har ƙasan ya yi ƙanzo, sannan ta juya. Wasu kan ɗora soyayyen ƙwai a kai. Haka kuma ake yi ran 26 ga Disamba da ragowar girkin Kirsimeti.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne sunan. Kalmar farko tana nufin tafarfasa, ta ƙarshe kuwa tsuwwa irin ta ɓera. Wato ƙarar da abincin yake yi a kan wuta ita ce ta zama sunansa. Kunnen mai girki ne ya ji, baki ya maimaita, suna ya bi shi.

Tun a 1785 wani marubuci, Francis Grose, ya sa wannan suna cikin ƙamus ɗinsa na maganganun 'yan kan titi. A zamanin nan naman shanu ne ake soyawa da kabeji, babu dankali. A 1806 Maria Rundell ta kawo shi a littafinta na girke-girke, nan ma da nama. Daga baya dankali ya shigo. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙazanta, a 1940 aka ƙayyade wa kowa naman da zai saya, ba a kuwa janye wannan doka ba sai 1954. Masu iya magana sun ce da babu gara ba daɗi: nama ya yi wuya, dankali ya gaje wurinsa. Amma sunan yana nan daram, ya wuce shekara 200.

Jama'a, a nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi kanmu. Da Grose ya raina maganar talakawa, da an rasa wata shaida ta yadda kakanninsu suka ci abinci. Mu kuwa in mun zauna rubuta labari, sai mu cika teburin attajiri da kaji da lemo, mu tsallake tukunyar da yawancin masu karanta mu suke ci daga cikinta. Mu nawa ne muka taɓa bayyana ƙamshin ɗumame da sanyin safiya, ko yadda yara kan yi rububin ƙanzo? In ba mu rubuta ba, jikokinmu a bakin wa za su ji?