Zancen Idon Baba

Aminina,

Ka tambaye ni jikin Baba a waya na ce da sauƙi. To, ga zancen a tsanake.

Ka san Baba da mutane. Daga Kwarbai zuwa Masallacin Juma'a sai ya tsaya sau goma yana gaisawa, har mu ƙosa. Sai ga shi bara an fara tsegumi wai ya daina kula jama'a. Wani abokinsa na ƙuruciya har fushi ya yi, wai sun yi kiciɓis a Ƙofar Doka, Baba ya dube shi ya wuce. Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai wata rana bayan Magariba. Na tarar yana lazimi a zaure, na zauna shiru. Da ya shafa, ya zuba mini ido, ya daɗe, sannan ya ce, "Wane ne?" Wallahi jikina ya yi sanyi.

Muka kai shi asibitin koyarwa na Shika, likita ta ce gilakoma ce, wadda ake kira hawan jinin ido. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, matsi ya taru, ya riƙa cin jijiyar gani a hankali, babu zafi. Abin da ya ɗaure mini kai, Baba ya karanta haruffan allon gwaji da dama. Ta ce ai harafi baƙi ne a kan fari. Fuska kuwa da 'yar inuwar hanci, da kwarmin ido, da zanen kumatu ake gane ta, kuma irin wannan siririn bambanci cutar ke dusashewa, balle a zaure mai duhu irin namu na cikin Birni. Ashe ya daɗe da murya da takun tafiya yake gane mu, bai faɗa wa kowa ba.

Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna mutum biyar cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma ita ke bi wa yanar ido wajen makantar da mutane. Yana ana cire ta gani ya dawo. Wannan kuwa abin da ta ci ya tafi, sai a tare saura.

Yanzu ni ke ɗiga masa magani safe da dare. Na sa ƙwan fitila mai haske a zaure, jikoki kuma in sun yi sallama su faɗi sunansu. Abokin nan nasa na je har gida na yi masa bayani. Washegari ya zo, ya kama hannun Baba, suka yi ta hira har La'asar.

Kai ma ka haura arba'in, kuma na tuna yadda ganin Hajiyarku, Allah Ya jiƙanta, ya tafi. Cutar tana bin jini. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan kusa da kai a Kaduna. Don Allah ka je a auna maka matsin ido, a duba jijiyar, ka bugo mini in ji.

Ka gaishe da Uwargida da yara. Baba na gaishe ka.

Naka amini.