Garin mutum 5,000 da kakar wasan 2023: zare a kan lig ɗin Tsibiran Faro

1/ Jama'a, yau ba maganar Arsenal ko Madrid zan yi ba. Akwai wata gasar lig da nake bi a waya tun 2023, abokaina na ɗakin kwana har tsokanata suke yi a kanta. Lig ɗin Tsibiran Faro ne. Ku ɗan ba ni minti biyar, za ku ga dalili.

2/ Faro wasu tsibirai 18 ne a tsakiyar teku, tsakanin Norwe da Aisland. Suna ƙarƙashin masarautar Denmak amma suna da gwamnatinsu, kuma a ƙwallo gashin kansu suke ci. Mutanen ƙasar gaba ɗaya wajen 55,000 ne. Tumakinsu sun fi su yawa, wallahi ba wasa nake ba.

3/ Lig ɗinsu ƙungiyoyi 10 ne kacal. Kowace tana haɗuwa da kowace sau uku, wasa 27 ke nan. Biyun ƙarshe su faɗa rukuni na ƙasa. Ana farawa a Maris a gama a Oktoba, saboda sanyi da duhun hunturu. Filayen na ciyawar roba ne, ga iska mai iya karkatar da ƙwallo a sama.

4/ Yawancin 'yan wasan suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Mutum zai tashi daga wurin aiki da yamma, ya ɗauki takalmi ya tafi atisaye. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

5/ Ƙungiyar da nake magana a kanta ita ce KI Klaksvik. Klaksvik garin masunta ne, mutum wajen 5,000. Unguwa ɗaya a birnin Kano ta ninka shi. Su suka ci lig a 2022, shi ya ba su tikitin wasannin share fage na Gasar Zakarun Turai a 2023.

6/ Zagayen farko aka haɗa su da Ferencvaros, zakarun Hungari. A gida suka tashi babu ci. Kowa ya ɗauka a Budapest za a yi musu wanka. Sai ga shi kafin a tafi hutun rabin lokaci KI ta zura uku. Arni Frederiksberg ya ci biyu, Luc Kassi ɗan Kwaddibuwa ya ci ɗaya. 3-0 aka tashi. Ferencvaros ta sallami kocinta bayan wasan.

7/ Wasu za su ce sa'a ce. Akwai sa'a, amma akwai lissafi. A watan Yuli 'yan wasan Hungari daga hutu suke dawowa, jiki bai gama warwarewa ba. Su kuwa 'yan KI wata huɗu suka yi suna buga lig duk mako. Wannan ƙaramin lig ɗin da ake rainawa, shi ya gasa su.

8/ Zagaye na biyu, Häcken ta Suwidin. Babu ci a wasan farko, 3-3 a na biyu bayan ƙarin lokaci, KI ta wuce a bugun fenariti. Da wannan suka tabbatar da gurbi a matakin rukuni na gasar Turai. Babu ƙungiyar Faro da ta taɓa kai wa nan kafin su.

9/ Molde ta Norwe ta fitar da su, ita ma sai da aka je ƙarin lokaci bayan KI ta ci wasan farko 2-1. Sheriff ta Moldoba ta tare musu hanyar Yuropa. Suka sauka a gasar Conference, rukuni ɗaya da Lille, Slovan Bratislava da Olimpija. Suka riƙe Lille babu ci, suka lallasa Olimpija 3-0.

10/ Abin da ya fi tsaya mini a rai: duk wannan lokacin lig ɗin gida bai tsaya ba. Ka buga da zakarun wata ƙasa a tsakiyar mako, ƙarshen mako ka fita wani ɗan fili ana iska da yayyafi ka nemi maki uku, ga aikinka na jiranka. A haka suka sake cin lig ɗin 2023, karo na uku a jere.

11/ Me ya sa ba su yi sakaci da shi ba? Saboda shi ne ƙofa. Zakaran lig kaɗai ke shiga share fagen Zakarun Turai. A 2023, kuɗin shiga rukunin Conference kawai yuro miliyan 2.94 ne, ban da ladan nasara da na canjaras. A garin mutum 5,000, ku lissafa abin da wannan ke nufi.

12/ Na ɗan ji tsoron kuɗin nan zai kashe gasar, ƙungiya ɗaya ta riƙa cinyewa duk shekara. Amma a 2024 Vikingur ta ƙwace kofin daga hannunsu. Ashe lig ɗin da ransa.

13/ Kuma mu ma mun san irin wannan daɗin fa. A 2009 Kano Pillars, da tikitin lig ɗin da ta ci a 2008, ta fitar da Al Ahly daga Gasar Zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Yayyenmu har yau da shi suke mana gori. Daren Alƙahira ya samu ne daga wasannin mako-mako a filin Sani Abacha.

14/ Ni ma ina biyan kuɗin gidan kallo, ba zan daina ba, kuma ban ce kowa ya daina ba. Amma ƙungiyar da ba a zuwa kallonta ranar Lahadi ba za ta wayi gari ta doke zakarun wata ƙasa ba. Klaksvik ba su fi mu yawa ba, ba su fi mu son ƙwallo ba. Suna dai zuwa fili.

15/ To ku faɗa mini tsakani da Allah: yaushe rabon da ku shiga fili kallon ƙungiyar garinku? Da wa ta buga, nawa aka tashi? Ina jiran amsoshinku a ƙasa.