Rinin da Ba a Shiga Marina



Mu da muka tashi a gindin rumfa mun san yadda ake sayen yadi. Ba ka tayawa sai an warware maka turmin, ka fito da shi bakin rumfa inda rana take, ka murza gefensa da yatsa, wani ma har ya ɗan jiƙa ya goga ya ga ko zai zuba. Haka kakanninmu suka yi tun sanda suka biyo bariki da layin dogo suka yada zango a garin nan, lokacin da Zungeru take hedikwatar Turawan mulki ta Arewa, daga 1902 zuwa 1916. Ido da hannu su ne shaidun ciniki. Yau kuwa ciniki mai yawa ya koma cikin waya. Mace tana cikin ɗakinta za ta ga atamfa a WhatsApp, ta tura kuɗi, a ɗauro kaya daga Kantin Kwari a Kano a sa a mota, sai dai a kira ta a ce ta aika tasha a karɓo. Ba mu ƙi wannan ba, mu ma muna ci a ciki. Amma tunda hoto ya gaji aikin ido da hannu, dole mu san abin da ake yi wa hoton kafin ya iso gare mu.

Abin da ya sa muka tsaya muka nemi sani shi ne ƙorafi ya fara biyo mu har ƙofar masallaci, duk a kan magana ɗaya: abin da na gani daban, abin da aka kawo mini daban. Mutum ba ya raba gardama a kan abin da bai sani ba. Shi ya sa muka samu ɗaya daga cikin yaranmu da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan garin, muka ce ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mana dalla-dalla, kada ya yi mana sauri.

A cikin manhajar gyaran hoto da ake kira Photoshop, wadda ta fara fitowa a 1990, da ma wata ta kyauta mai suna GIMP, akwai wani makami da yaran suke ce wa giradiyan maf. Mu dai tsanin launi muka laƙaba masa, za ku ga dalili. Hoto a kwamfuta ɗigo-ɗigo ne ƙanana, miliyoyi, kowane ɗigo yana da launinsa, yana kuma da gwargwadon haskensa. An kasa hasken nan mataki 256, daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. To shi wannan makami ba ruwansa da launin da ɗigon ya zo da shi. Tambaya ɗaya yake yi masa: a wane mataki kake na haske? Kai kuma mai gyara sai ka ba shi wani ɗan zirin launi mai baki biyu, kamar tsani a kwance. Launin da ka sa a bakin hagu shi zai hau kan duk inda yake da duhu a hoton, na bakin dama ya hau kan inda yake da haske, abin da ke tsakani kuma ya sami gaurayensu gwargwadon matakinsa. In ka ga dama ka ƙara launi na uku da na huɗu a tsakiyar tsanin. Ka sa shuɗi mai duhu a hagu, ruwan goro a dama, nan take inuwar da ke ƙarƙashin bishiya ta koma shuɗi-shuɗi, bangon da rana ta haska ya koma kamar lokacin sakaliya.

In aka bar shi da cikakken ƙarfinsa, hoton yakan fito kamar an tsoma shi a kwano. Shi ya sa gwanaye suke rage ƙarfin zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari, ko su zaɓi wata hanyar gauraya da ke barin asalin launin ya riƙa lekowa ta ƙasa. A nan ne ake samun irin kalar finafinan Amurka, inuwa ta yi shuɗi mai ruwan ganye, fuska ta yi ɗumi. Yaron ya ce hikimar ita ce fatar ɗan Adam, fari ne ko baƙi, tana ɓangaren ja da ruwan goro ne, shi kuwa shuɗi kishiyarsu ne, sai mutum ya fito ras daga cikin abin da ke bayansa. Akwai kuma abin da suke kira mayafi: ka zagaye wuri ɗaya a hoton, misali riga, ka ce a nan kawai launin zai sauka, fuska da bango kada a taɓa su.

Muna kallo sai marinar Ƙofar Mata ta faɗo mana a rai. Marini yana tsoma yadi a baba, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, kowane tsomi shuɗin yana ƙara duhu, hannunsa kuwa har gwiwa ya rine, ko a masallaci ka gan shi ka san sana'arsa. Wannan marinin na kwamfuta ko farcensa bai ɓaci ba. Kuma shi marinin gaske yadin yake rinawa. Wannan hoton kawai ya rina, yadin yana can Kano yadda yake.

Kada a ce mun tsani abin. Wallahi akwai kyau a cikinsa. Mun ga hoton walimar saukar karatu da aka ɗauka da rana tsaka, duk ya yi fari fau kamar an wanke shi, yaron ya zuba masa ɗan ɗumi ya dawo abin sha'awa. Ba wanda aka cuta a nan, kowa ya san hoton tunawa ne. Saɓanin da malamai suka yi a kan hukuncin hoto shi kansa kuwa ba shi muka zo tayarwa ba, kowa ya riƙe abin da malaminsa ya karantar da shi.

Inda gizo yake saƙa shi ne shadda da atamfa da leshi. Ku tuna mun ce makamin nan yana riƙe haske da inuwa yadda suke, launi kawai yake musanyawa. Wato ƙyallin shadda yana nan, karyewar ninki tana nan, zanen da ke jikin saƙar yana nan. Ba abin da zai nuna wa ido cewa an taɓa. Da hoton yadi ɗaya mutum zai fitar da kala takwas cikin mintoci kaɗan, ya jera su ya ce duk akwai.

Kwanakin baya aka kawo mana irin wannan bayan la'asar. Wata Hajiya ta unguwar nan za ta aurar da 'ya, ta zaɓi anko ruwan makuba a hoton da wani matashi, shi ma ɗan unguwa, ya ɗora. Ta tara kuɗin 'yan'uwa da ƙawaye ta tura. Da kaya suka iso sai ga ruwan ƙasa mai duhu, ba ja a cikinsa ko kaɗan, biki kuma saura kwana goma. Kuɗin ba nata ba ne ita kaɗai, mutuncinta ne a idon mata sama da ashirin. Muka kira yaron. Bai yi musu ba. Ya ce, "Baba Liman, ni ban yi ƙarya ba. An faɗa mini sunayen kalolin da ke akwai ta waya, hoton shuɗin kawai aka turo mini, ni kuma na fitar da sauran. Ai kowa haka yake yi." Hajiya ta ce, "Malam, ni suna na saya ko abin da na gani?"

Tambayar tata ita ce fiƙihun duka. Waɗanda suka yi Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar Islamiyya ko a zaure za su tuna babin ciniki. An halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, an halatta sayen ƙunshin kaya bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Amma an hana sayen tufa da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, an hana cinikinta a duhun dare inda ba za a iya dubawa ba. Malamin nan na Ƙairawan ya rayu fiye da shekara dubu da suka wuce, bai san waya ba, amma ya san 'yan yadi. A zamaninmu hoto shi ne siffar. In kaya suka zo daidai da siffa, ciniki ya ɗauru, mai saye ba shi da ta cewa. In suka saɓa, yana da zaɓi, ya karɓa ko ya mayar. Hoton da aka ƙirƙiri launinsa kuwa siffar wani yadi ne da babu shi a duniya, mai saye yana tsaye cikin duhu alhali yana zaton rana ce. Kuma mun san abin da ya zo a Sahihu Muslim, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma yi kashedi mai tsanani a kan algus.

Yaron bai yi nufin cuta ba, mun yarda. Amma rashin mugun nufi ba ya mayar da ruwan ƙasa ruwan makuba. Aka yi sulhu: turamen da ba a taɓa ba ya mayar, kuɗin mota a wuyansa, waɗanda tela ya riga ya sa wa almakashi kuma ya rage musu kuɗi. Ribarsa ta wata guda ta tafi a nan, kuma har yau matan layin ba su koma saye a wurinsa ba.

Sai dai a yi wa 'yan kasuwa adalci, ba kowane saɓanin kala ne algus ba. Ita kanta kyamarar waya tana kuskure. Yadin da aka ɗauka ƙarƙashin farin ƙwan lantarki yakan yi shuɗi-shuɗi, wanda aka ɗauka da yamma ya yi ja-ja, shunayya kuwa sau da yawa shuɗi take fitowa. Sannan gilashin wayata da na taka ba sa nuna kala iri ɗaya. Don haka gyaran da zai dawo da hoto kusa da gaskiyar yadin abin yabo ne, ba laifi ba. Mu a layinmu abin da muka tsayar shi ne: kowace kala a ɗauke ta da kanta, a inuwa mai haske da hantsi, a ajiye farar takarda a gefe. In takardar ta fito fara a hoton, to kalar yadin ma ta kusa. In an gyara, a ɗora wayar a kan yadin a gwada da ido kafin a tura. Mai saye kuma ya nemi ɗan gajeren bidiyo ana juya yadin a hannu, don rina bidiyo ya fi ƙarfin yawancin yaran nan.

Akwai wanda ya fi yadi nauyi, ko da yake ba mu son tsawaitawa a kansa. Hoton da ake tura wa mai neman aure. Tsanin nan in aka ɗaga tsakiyarsa aka zuba masa ruwan zuma, baƙar yarinya kyakkyawa sai ta koma wankan tarwaɗa. Shari'a ta ba mai nema damar ganin fuska da tafukan hannu don zuciya ta natsu, ba don a nuna masa wata ba. Yadi ana mayarwa tasha. Ita kuwa yarinyar da za ta ga fuskar miji ta canza ran da ya fara ganinta ido da ido, wa zai biya ta wannan? Iyaye mata, ku ne kuke ganin hotunan nan kafin su fita daga gida.

Na ƙarshe, tsofaffin hotuna. Yanzu yayi ake yi na sanya wa hotunan Zungeru na zamanin Turawa kala: tashar jirgi, gadar ƙafa ta Lugga da aka kwance aka kai Kaduna, da hotunan dattawanmu. Suna da kyau a ido, amma ku sani makamin nan bai san tarihi ba. Ja da kore in haskensu ɗaya ne, toka iri ɗaya suke zama a hoto marar kala, kuma launi ɗaya tsanin zai ba su. Ku ɗauki rigar dogari mai ja da kore, za ta iya fitowa kala guda. Ga shi kuma finafinan ɗaukar hoto na wancan zamani da yawansu ba sa ganin ja sosai, baƙi-baƙi suke fitar da shi, har jar dara ta koma kamar baƙar hula. Duk kalar da kuka gani a irin waɗannan hotuna zaɓin yaron da ya gyara ne. Mun ga hoton wani dattijonmu marigayi, Allah ya jiƙansa, a kalandar iyalinsa, an mayar da rawaninsa na turkuɗi fari, mu kuwa da muka yi salla a bayansa ba mu taɓa ganinsa da farin rawani ba. Jikokinsa da ba su riske shi ba haka za su ɗauka.

Saboda haka kwamitin masallaci ya shirya tattara tsofaffin hotunan unguwa. Duk mai hoton mahaifi ko kaka, ko na wani taro na dā, ya kawo ranar Asabar bayan la'asar. Yaranmu za su kwafa a kwamfuta yadda yake, ba ƙari ba ragi, a mayar wa mai shi da abinsa a take. A zo da wani babba da zai faɗi sunan wanda ke ciki, da shekarar in an tuna, da kalar tufafin da ya sani mamacin yana sawa, a rubuta a ajiye tare da hoton.